Yadda ake karanta alƙaluman wasa bayan karawar hamayya

Da zarar alƙalin wasa ya hura usur na ƙarshe a karawar Kano Pillars da Katsina United, ko ta Real Madrid da Barcelona, sai musu ya tashi daga fili ya koma gari. A gidajen kallo na Fagge da Sabon Gari, da teburan masu shayi, da rumfunan Kantin Kwari da Kasuwar Singa washegari, za a iske kowane ɓangare ya zaro wayarsa yana nuna alƙaluma. Wanda aka doke zai ce ƙungiyarsa ce ta fi riƙe ƙwallo, ita ce ta fi kai hari, sa'a ce kawai ta juya mata baya. Wanda ya yi nasara zai nuna sakamako ya ce magana ta ƙare.

Alƙaluman da ake nunawa yawanci gaskiya ne. Inda ake samun kuskure shi ne wajen fassara su, domin kowane adadi tambaya ɗaya yake amsawa, kuma yana da iyakar da ba ya wucewa. Fassarar ba ƙaramin abu ba ce: a kanta ake neman a kori mai horarwa, a kanta ake ɗora wa alƙali laifi, a kanta kuma wasu ke zuba kuɗinsu a caca. Ga bayanin manyan alƙaluman da ake fitarwa bayan wasa, da yadda ake ƙirga su, da abin da kowanne yake iya nunawa.

Daga ina alƙaluman suke fitowa

Ƙirga abubuwan da ke faruwa a cikin fili ya girmi kwamfuta. Wani akanta na rundunar sojin saman Birtaniya, Charles Reep, ya fara rubuta kowane hari da kowace miƙa ƙwallo da fensir da takarda tun a shekarar 1950. A yau kamfanoni ne ke wannan aiki, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne Opta, wanda aka kafa a Ingila a 1996. Ma'aikatansu suna kallon wasa suna shigar da kowane motsi a kwamfuta, a manyan gasanni kuma akwai kyamarorin da ke bin sawun kowane ɗan wasa.

Abin lura na farko shi ne kamfanonin ba su da ma'ana ɗaya ga kowane abu. Abin da wani ya ƙirga a matsayin hari, wani yana iya ɗaukarsa bugun ba da ƙwallo da ya kauce. Shi ya sa manhajoji biyu kan ba da adadi biyu a wasa ɗaya. Duk mai son kwatanta wasa da wasa sai ya tsaya a kan majiya guda. Na biyu kuma, gasannin Turai sun fi gasar Firimiyar Najeriya cikakken bayani nesa ba kusa ba. A wasannin gida, abin da aka fi dogara da shi shi ne rahoton alƙali: ƙwallayen da aka ci, da waɗanda suka ci su, da minti, da katuna, da canjin 'yan wasa.

Riƙe ƙwallo

Wannan shi ne adadin da aka fi ambata, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane. Hanya biyu ake bi wajen fitar da shi. Wasu suna auna tsawon lokacin da ƙwallo ta yi a ƙafar kowace ƙungiya. Wasu kuma suna tara duk miƙa ƙwallon da aka yi a wasan, su fitar da kason kowane ɓangare. A hanya ta biyu, 'yan baya biyu da ke ta miƙa wa juna ƙwallo a gaban ragarsu suna ƙara wa ƙungiyarsu kaso, alhali ba su razana kowa ba.

Ɗan kasuwa zai gane wannan da sauri. Yawan masu shiga shago suna taɓa atamfa suna tambayar kuɗi ba shi ne ciniki ba, cinikin ma ba shi ne riba ba. A Gasar Kofin Duniya ta 2022 a Ƙatar, Japan ta doke Sifaniya da ci 2-1 alhali kason da ta riƙe ƙwallo bai kai 20 cikin 100 ba. A watan Afrilun 2012, Barcelona ta riƙe ƙwallo fiye da kashi 70 cikin 100 a Camp Nou, Chelsea kuma ta buga mafi yawan wasan da mutum 10 bayan an kori John Terry, amma aka tashi 2-2, Chelsea ta wuce zuwa wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai. Leicester City ta ɗauki kofin Firimiyar Ingila a 2016 da maki 81, kuma a tsawon kakar abokan karawarta sun fi ta riƙe ƙwallo.

Abin da wannan adadi yake nunawa shi ne salon wasa: wa ya zaɓi ya juya ƙwallo, wa ya zaɓi ya ja baya ya jira kuskure. Ba ya nuna wanda ya fi kusa da cin wasa.

Hare-hare da waɗanda suka nufi raga

Adadin hare-hare ya fi riƙe ƙwallo kusanci da sakamako, amma shi ma sai an tace shi. Akwai jimillar hare-hare, wato duk bugun da aka yi da niyyar cin ƙwallo, ko ya tashi sama ko ya daki ɗan baya. Akwai kuma waɗanda suka nufi raga, wato wanda ya shiga, da wanda mai tsaron raga ya tare, da wanda ɗan baya na ƙarshe ya cire daga kan layi. Ƙwallon da ta daki turke ta dawo ba a lissafa ta cikin waɗanda suka nufi raga, duk da ihun da take jawowa a gidan kallo.

A manyan gasanni, kusan hari ɗaya cikin 10 ne yake zama ƙwallo. Wannan matsakaici ne kawai, domin bugun da aka yi daga tazarar mita 30 ba ɗaya yake da wanda aka yi a bakin raga ba, amma a jadawali kowanne hari ɗaya ne. Ƙungiyar da aka toshe wa hanya takan koma harbi daga nesa, adadinta ya yi ta hawa, mai tsaron raga kuwa ko gumi bai yi ba. Haka abin yake ga bugun kusurwa: kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suke ƙarewa a raga, don haka yawansu alama ce ta matsin lamba, ba hujjar cancantar nasara ba.

Ma'aunin ingancin dama

Domin a bambanta hari mai haɗari da na banza aka ƙirƙiro ma'aunin da ake rubutawa da haruffan xG, wato ƙwallayen da ake sa ran ci. Ana duba dubban hare-haren da aka yi a baya, a ga nawa ne suka shiga daga wuri iri ɗaya da yanayi iri ɗaya: nisa da raga, da kusurwar da aka buga, da ƙafa aka buga ko da ka, da irin ƙwallon da aka ba mai bugun. Sai a ba kowane hari daraja tsakanin 0 da 1. Bugun fenariti yakan samu tsakanin 0.76 da 0.79, domin kusan uku cikin huɗu suna shiga. Ma'aunin ya bazu cikin jama'a bayan shirin wasanni na talabijin ɗin BBC ya fara nuna shi a 2017.

A ɗauka wata ƙungiya ta kai hari 15, duka daga wajen da'irar mai tsaron raga, kowanne da darajar 0.03. Jimillarsu 0.45, ko rabin ƙwallo ba ta kai ba. Abokiyar karawarta ta kai hari 3 kacal daga kusa, masu darajar 0.3 da 0.3 da 0.4, jimilla 1.0. Idan ta biyun ta ci 1-0, ba a zalunci kowa ba, ko da jadawali ya nuna 15 da 3.

Ma'aunin yana da nasa rauni. Ba ya ƙirga damar da ba a kai ga bugawa ba, kamar ƙwallon da ta ratsa gaban raga ba wanda ya taɓa ta. Ba ya la'akari da gwanintar mai bugun, domin matsakaicin ɗan wasa yake aunawa. Kamfanoni kuma suna da tsare-tsare daban-daban. An fi cin moriyarsa idan aka tara na wasanni da yawa.

Yaushe aka ci ƙwallo

Babu adadin da za a karanta daidai ba tare da sanin lokacin da ƙwallaye suka shiga ba. Ƙungiyar da ke gaba takan ja baya ta kare abin da ta samu, wadda ake ci kuma ta fito da ƙarfinta. Saboda haka sau da yawa wanda aka doke ne yake ƙarewa da yawan hari da yawan riƙe ƙwallo, kuma cin da aka yi masa ne ya haifar da adadin.

Misali mafi bayyana shi ne wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Duniya a ranar 8 ga Yulin 2014 a Belo Horizonte. Jamus ta lallasa Brazil da ci 7-1, amma Brazil ta kai hari 18, Jamus 14. Kafin minti na 30 an riga an ci 5-0, daga nan Jamus ta sassauta. Wanda ya ga jadawalin hare-hare kaɗai zai zaci wasan ya yi zafi har ƙarshe.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba wasa gida-gida: me ya faru lokacin da ake kunnen doki, me ya faru bayan ƙwallon farko, me ya sauya bayan jan kati. Alƙaluman lokacin da babu wanda ke gaba su ne suka fi nuna ƙarfin ɓangarorin biyu.

Gida da waje

A gasar Najeriya, filin da aka buga wasa yana da nauyin da ya wuce na Turai. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990 kuma ta ɗauki kofin gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta yi shekara 12 ba a doke ta a gida a wasannin gasar ba, wasanni 202 a jere, har sai da Nasarawa United ta ci ta 2-1 a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a watan Agustan 2015. Wannan tarihi ne na alfahari ga Sai Masu Gida, amma yana kuma nuna yanayin gasar baki ɗaya, inda aka daɗe ana ɗaukar nasara a waje abin mamaki.

Dalilan sanannu ne: doguwar tafiya a mota, da bambancin yanayi tsakanin Kano da garuruwa irin su Aba da Fatakwal, da bambancin filaye, da matsin 'yan kallo a kan baƙi da alƙalai. Hanyar ma ba ta rasa haɗari. A watan Maris na 2015 'yan bindiga sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, 'yan wasa suka jikkata. Don haka canjaras a Aba da Enyimba, mai kofin gasar 9 da Kofin Zakarun Afirka na 2003 da 2004, ya fi nasarar 1-0 a gida a kan ƙaramar ƙungiya nuna ƙarfi, duk da cewa maki ɗaya ne a can, uku a nan.

Sai kuma a bincika inda gidan yake. Akwai lokutan da Pillars ta karɓi baƙi a filinta na Sabon Gari, akwai kuma lokacin da ta koma filin Ahmadu Bello na Kaduna. A jadawali duka wasan gida ne, amma wasan da aka buga a wani gari ko ba tare da 'yan kallo ba ya rasa rabin abin da ke sa gida ya zama gida.

Tarihin haɗuwa da darajar wasa ɗaya

Kafin kowace karawar hamayya akan fito da tarihi: an haɗu sau kaza, wannan ta ci kaza. Adadin yana da daɗin ji, amma ƙungiyoyin Najeriya suna sauya 'yan wasa da masu horarwa kusan kowace kaka. Sakamakon shekara 10 da suka wuce sunan ƙungiya kawai ya haɗa shi da na yau.

Wasa ɗaya ma ba ya isa a yanke hukunci. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, matsakaicinsa bai cika wuce ƙwallo 3 ba, don haka zamewar ƙafa ɗaya tana iya juya sakamako. A ranar 22 ga Nuwamban 2022 Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 da hari 3 kacal, bayan an soke wa Ajantina ƙwallaye 3 saboda satar gida. Ƙasa da wata guda bayan haka Ajantina ta ɗauki kofin. Babu ɗan kasuwar da zai rufe shago saboda cinikin rana ɗaya ya yi ƙasa, kamar yadda ba a auna ma'aikaci da aikin mako guda. Wannan ne kuma ya sa alƙaluma ba sa tabbatar wa mai caca komai: suna bayyana abin da ya fi yiwuwa a wasanni masu yawa, ba abin da zai faru ranar Lahadi ba.

Alƙaluman ɗan wasa

Yawan ƙwallaye ba ya cika ma'ana sai an san wasanni nawa aka buga. Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, adadin da ya kafa tarihi a lokacin. Mfon Udoh na Enyimba ya ci 23 a 2014. Junior Lokosa ya ci wa Pillars 19 a 2018, amma a kakar da aka tsayar bayan mako na 24, maimakon 38 da aka saba. Idan aka raba ƙwallaye da yawan wasanni, matsayin Lokosa ya wuce yadda adadin 19 yake nunawa. Masu nazari sukan raba da mintunan da ɗan wasa ya buga, su kuma ware ƙwallayen fenariti daban.

Akwai kuma aikin da jadawali ba ya gani. Ɗan bayan da ya iya tsayuwa ba ya bukatar yawan tare ƙwallo, domin ba a bi ta wajensa. Mai tsaron ragar da ya tare hari 10 ya yi ƙoƙari, amma adadin yana tona asirin 'yan bayansa. Ɗan tsakiyar da kusan duk ƙwallon da ya miƙa ta isa, wataƙila baya da gefe yake miƙawa.

Teburi: maki, rarar ƙwallaye da katuna

A ƙarshen kaka, alƙaluman da doka ta sani su ne suke aiki: maki 3 na nasara, 1 na canjaras, sannan rarar ƙwallaye idan maki ya zo ɗaya. A nan ne ƙwallon da ake gani ta banza a ƙarshen wasan hamayya take iya zama kofi. A 2012 Manchester City da Manchester United sun gama da maki 89 kowace. City ta ɗauki kofin da rarar ƙwallo 64, United tana da 56, tazarar 8 ke nan. Cin 6-1 da City ta yi wa United a Old Trafford a watan Oktoban 2011 shi kaɗai ya samar da tazarar 10, domin ya ƙara wa ɗaya 5 ya rage wa ɗaya 5.

Dokar gasa ma tana sauya ma'anar sakamako. A Kofin Zakarun Afirka na 2009, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar ba tare da ta doke ta ba: 1-1 a Kano, 2-2 a Alƙahira, ta wuce da ƙwallayen da ta ci a waje, har ta kai wasan kusa da na ƙarshe inda Heartland ta tsayar da ita. Hukumar ƙwallon Turai ta soke wannan doka a gasanninta a 2021. A Kofin Duniya na 2018 kuma, Senegal ta yi daidai da Japan a maki da ƙwallaye, aka fitar da ita saboda katin gargaɗi 6 da ta karɓa, Japan 4.

Alƙali, tarzoma da makin da ake rasawa a ofis

Yawan laifuffukan da aka hura wa ƙungiya ko katunan da aka ba ta ba hujja ba ce ta son kai. Wadda ba ta da ƙwallo ita ce take yawan tare abokan karawa, don haka ita ce take yawan yin laifi. Ana gane alƙali mai karkata ne ta nazarin hukuncinsa ɗaya bayan ɗaya a hoton bidiyo, da kuma tarihin wasanninsa masu yawa.

Wani lokaci adadi kan tona maguɗi da kansa. A watan Yulin 2013, a wasannin neman hawa rukuni na gaba, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79-0, Police Machine kuma ta ci Babayaro 67-0, a daidai lokacin da ƙungiyoyin biyu ke tseren rarar ƙwallaye. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10, ta haramta wa 'yan wasan buga ƙwallo har abada.

Fushin 'yan kallo shi ma yana shiga teburi. A watan Afrilun 2022 an tsayar da wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha kafin lokaci ya cika, bayan magoya baya sun kutsa cikin fili, aka kuma farfasa motar baƙin. Hukumar gasar ta ci Pillars tara ta kwashe mata maki 3. A ƙarshen wannan kaka ƙungiyoyin biyu duka suka faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 suka dawo. Maki 3 da aka rasa a ofis daidai suke da nasarar da 'yan wasa suka yi minti 90 suna nema.

Wasannin makarantu da na unguwa

Hamayya ba ta tsaya ga ƙwararru ba. Jami'o'in Najeriya suna karawa a wasannin NUGA tun 1966, an kuma fara gasar ƙwallon manyan makarantu ta HiFL a 2018. Ga kuma gasannin unguwanni da na 'yan kasuwa da na ma'aikatu. A irin waɗannan wasanni babu kamfanin da zai zo ƙirga, amma mutum ɗaya da littafi da biro ya isa, kamar yadda Reep ya fara. Ya zana fili a takarda, ya sa alama a duk inda aka buga hari, ya rubuta minti da sakamakon da ake ciki a lokacin, ya kewaye wanda ya nufi raga. Bayan wasa 5 ko 6, mai horarwa zai ga ko matsalarsa rashin samar da dama ce ko ɓarar da ita, kuma maganin biyun ba ɗaya ba ne: na farko gyaran tsari yake bukata, na biyu atisaye da haƙuri.

Ga mai kallo kuwa, tambayoyi huɗu sun wadatar kafin a shiga musu: wa ya ƙirga alƙaluman, daga ina aka kai hare-haren, yaushe ƙwallaye suka shiga, kuma a filin wa aka buga. Idan amsoshin sun nuna ƙungiya ta samar da dama masu kyau tun ana kunnen doki, rashin nasarar ranar ba dalilin korar mai horarwa ba ne. Idan kuwa hare-haren nata duka daga nesa ne kuma bayan an ci ta, to gyara yana wajenta, ba wajen alƙali ba.